Wata Mata a Tudun Wada

Mu biyu ne mata a ɗakin Inna, ni da Yaya, kuma ni ce auta. Ta girme ni da shekara shida. Ita ta auri Alhaji, babban ma'aikacin gwamnati, suna zaune a Hanwa cikin gida mai faɗi. Ni ina Tudun Wada a gidan haya, mijina yana da shagon buga takardu da ɗaure littattafai kusa da jami'a a Kongo. Idan ɗalibai suna gari muna cikin rufin asiri, idan suka tafi hutu sai ya yini a bakin shago yana sauraron rediyo. Ban taɓa ƙyashin Yaya ba, ko kuma in ce ban taɓa kama kaina ina yi ba. Ni abin da Allah ya ba ni shi ne hannun girki, kuma dangi duk sun shaida. Suna ne ko walima, in dai na gidan Yaya ne, to a tsakar gidana ake ɗora tukunya.

Abin ya faru a ƙarshen wani dogon hutu, saura 'yan kwanaki a koma makaranta. Damina ta yi nisa, masara ta nuna, duk lungun da ka bi ƙamshin gasasshiyar masara ne da dafaffiyar gyaɗa. Yarana uku ba su je ko'ina ba tun da aka ba da hutu, in ban da gidan Inna a Tudun Jukun, wanda ba sa lissafa shi a fita.

Ranar Laraba Yaya ta kira ni a waya.

"Auta, ranar Asabar za mu fita da yara gonar Alhaji ta hanyar Shika. An gyara wurin, an sa lilo, ga tafkin kifi. Ki shirya naki, bas za ta biyo ta ɗauke ku ƙarfe tara. Sai ki yi mana dambun shinkafa da soyayyun kaji da zoɓo."

Na ce, "To, Yaya. Allah ya kai mu."

"Ranar Lahadi kuma matan abokan aikin Alhaji za su taru a gidana, ni ce da karɓar baƙi wannan watan. Na riga na cika musu baki cewa za su ci wainar da ba su taɓa cin irinta ba. Kada ki ba ni kunya."

Ranar Juma'a direbanta ya kawo kayan kwana biyun gaba ɗaya: shinkafa iri biyu, kaji, zogale, naman rago, kabewa, alayyafo, man gyaɗa. Yara kuwa tun daga Larabar ba su sake zama ba. Babbar 'yata, mai shekara goma sha ɗaya, ta je aka yi mata kitso, ta ƙunsa wa kanta lalle a hannun hagu. Namijin ya wanke kambas ɗinsa da tsohon burushin haƙori, ya lanƙwasa waya ya yi ƙugiya, ya haƙo tana a bayan gida ya zuba a gwangwanin madara. Ƙaramar, mai shekara biyar, ta tambaye ni ya fi sau goma ko kifin gonar yana cizo.

Asabar ina idar da sallar asuba na hura wuta. Kafin tara na sauke dambu, na soya kajin nan har suka yi ja, na tace zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Na zuba komai a kuloli, ban rage ko cokali ba, tunda a can za mu ci. Na yi wanka a gurguje, na sa atamfata ta Sallah.

Bas ta iso tara da rabi. Yaya tana gaba kusa da direba, da baƙin tabarau. Aka loda kuloli. Ɗana har ya ɗora ƙafa a matakin mota, gwangwaninsa a hannu, sai Yaya ta leƙo ta taga.

"Auta, kin ga yadda aka yi. Wasu ƙawayena sun zo da 'ya'yansu, ban zata ba. Mota ta cika. Bari a sauke mu, direba ya dawo ya ɗauke ku. Ai ba nisa."

Direban ya kama kafaɗar yaron a hankali ya sauko da shi. Gilasan motar masu duhu ne, ban ga ciki ba. Na dai ji hayaniyar yara da kiɗa. Suka ja suka tafi.

Muka zauna a dakalin ƙofar gida. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Duk farar motar da ta karyo kwana sai yaran su miƙe tsaye. Na kira Yaya, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da aka kira azahar na ce su shigo su cire kaya, suka ƙi. Babbar ta ce, "Umma, in muka cire sai ya zo." Ƙaramar ta yi barci a cinyata da takalmi a ƙafa. Ƙarfe biyu na dafa musu taliya da manja, suka ci cikin kayan fita, gidan kuwa har lokacin yana ƙamshin soyayyar kaza.

Har zuwa nan ban yi fushi ba, damuwa nake yi. Na ce ko motar ce ta lalace a hanya, ko wani abu ya samu wani yaro.

Bayan la'asar hotuna suka fara shigowa zauren danginmu na waya. Babbar ce ke riƙe da wayar. Ta daɗe tana kallon wani hoto, sannan ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba.

"Umma, ga kujeru can baya. Ba kowa."

An ɗauki hoton a cikin bas, kowa yana dariya yana ɗaga hannu. Layin baya gaba ɗaya, wurin mutum huɗu, ba abin da ke kai sai naɗaɗɗiyar darduma da akwatin kiɗa.

Sai kuma wani gajeren bidiyo, wanda ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaya ta turo. An baje a ƙarƙashin bishiyar gwaiba, ana cin abinci. Wata mai sarƙar zinariya ta ɗago faranti ta ce, "Hajiya, wa ya yi wannan dambun? Ya yi daɗi ƙwarai." Na ji muryar Yaya tar, ko gargada babu.

"Wata mata ce a Tudun Wada take yi mini. In kina so sai in haɗa ku."

Na saurara sau uku. Mai wannan maganar ita ta goya ni ina jaririya, tabarma ɗaya muka kwana har ta yi aure. Da ta haifi ɗanta na fari, ni na bar makaranta mako biyu ina yi mata wanki. Na kife wayar a kan tabarma. Ban yi kuka ba. Hankalina ya kwanta sarai, na san ba zan bar wannan ya wuce ba.

Bayan magariba ta kira.

"Auta, kin ga direban nan ko? Wai hanya ta yi taɓo, yana tsoron kada mota ta kafe. Ki ba yara haƙuri, wani lokacin a je da su. Dambu ya yi kyau, kowa yana yabawa. Kin jiƙa shinkafar gobe?"

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki, Yaya. Kayanki za su iso miki a kan lokaci."

Na zaɓi kalmomina, don ban so a wayi gari a ce na yi mata ƙarya.

Na buɗe buhunmu na ɗebi shinkafar tuwo tamu ta gida na jiƙa, daidai cikin mutum shida. Ta Yaya ban kwance bakin ledarta ba. Naman ragon na kai wa maƙwabciyata, wata 'yar ƙabilar Ibo mai shagon kayan sanyi, na ce ta saka mini a firiza zuwa safe. Ta ga yarana a dakali tun safe, ta kuma ga motar da ta tafi ta bar su. Ta karɓi naman ta ce, "Maman yara, ba ki dafawa?" Na ce, "Ba nawa ba ne." Ta dube ni, ta saka shi a firiza.

Lahadi da sassafe direba ya dawo da kulolin jiya, ya ce zai zo ɗaukar abinci sha biyu. Ko ɗauraye su ba a yi ba. Ƙasusuwan kaji a ciki, da ledojin ruwa, da wani cokalin roba da aka tauna. Na wanke su tas na shanya a rana. Na kai markaɗe, na haɗa ƙulluna na rufe shi a wuri mai ɗumi, na ɗora 'yar miyar taushe da naman da mijina ya sayo. Sannan na zauna na shirya wa Yaya kayanta. Ɗanyar shinkafa a babbar kula. Kabewa sukutum da alayyafo da gyaɗa a ta biyu. Nama da ƙanƙararsa a ta uku, galan ɗin mai a gefe. Ko albasa ɗaya ban riƙe ba.

Mijina ya fito ya tsaya a kaina yana kallo. Mutum ne da ba ya son rigima, ko da mai babur ne.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ba shi wayar ya saurari bidiyon. Ya shafa gemunsa.

"Ba ta kyauta ba. Amma da kin kira ta tun jiya kin ce ba za ki yi ba, ta nemi wani. Baƙi fa za ta tara."

"Ni ma jiya baƙi na tara a dakali. Uku."

"'Yar'uwarki ce. Gobe ku ne za ku shirya, ni a bar ni da jin kunyar Alhaji."

Na ce, "Malam, in ka ce kada in yi, ba zan yi ba. Amma kai za ka shiga ka gaya wa ɗanka dalilin da ya sa aka sauko da shi daga mota."

Ya dubi gwangwanin madarar da ke jingine a gindin bango, tanar ciki duk ta mutu. Ya ce, "Ni ban ga komai ba." Ya ɗauki buta ya zaga.

Sha ɗaya na fara suya. Ƙullun ya tashi yadda nake so, wainar tana fitowa fara, gefenta ja, cikinta kamar auduga. Sha biyu da kwata direba ya yi sallama, gidan ya game da ƙamshi. Na zuba masa guda huɗu da miya a faranti, ya ci a tsaye yana sa albarka. Kulolin na ɗaure su cikin zannuwa masu tsabta, na ƙulle da kyau. Na ce masa kada a buɗe sai baƙi sun zauna, don kada ya huce. A saman shinkafar na ajiye 'yar takarda da na yago daga tsohon littafin babbar. Na rubuta: "Yaya, murhu ya cika. In an sauke zan dawo kan naki. Daga wata mata a Tudun Wada."

Motar na ficewa na ce wa yara su sa kayansu na jiya.

Muka tare napep, mu biyar da kwandon abinci da tabarma, muka ce dutsen Kufena. Muka bi ta Wusasa, gari ya yi kore shar, dawa ta fi mutum tsawo a bakin hanya. Na sa aka tsaya na sayi masara mai zafi da rake da gwaiba. Namijin ya zauna gaba kusa da mai napep, yana tambayarsa aikin kowane maɓalli. Tun ina 'yar firamare rabona da dutsen nan. Muka shimfiɗa tabarma a wata inuwa daga ƙasa, inda dutsen ya yi faɗi kamar tsakar gida, ruwan sama ya taru a 'yan ramuka. Ƙaramar ta tsuguna a bakin ɗaya ta ga talibambam suna iyo, ta ce ga kifi, kuma ba sa cizo. Ba wanda ya gyara mata.

Ƙarfe biyu saura wayata ta fara ƙara.

Ban kashe ta ba. Na ajiye ta a kan tabarma kusa da kwanon miya, fuskarta sama, ina kallon sunan Yaya yana haske yana mutuwa. Na san abin da ke faruwa a Hanwa kamar ina falon. An yi addu'ar buɗe taro, an jera farantai, an shigo da kuloli an kwance zani a gaban mai sarƙar zinariya. Na san kuma ba abin da za a iya. Waina ba shinkafa da miya ba ce da za a ɗora yanzu a sauke anjima, sai an jiƙa, an markaɗa, an jira ta tashi. Duk ƙarar da wayar ta yi sai na gutsuri waina na dangwali miya. Ban taɓa cin abincin hannuna ya yi mini daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye wannan ba don a ce ni mutuniyar kirki ce.

Mijina ya ce, "Ki ɗauka mana."

Na ce, "Hanya ta yi taɓo."

Ya kawar da kai, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Bayan mun ci ya hau da manyan biyun sama. Ina hango su suna ƙanƙancewa, babbar ta ɗaure mayafinta a ƙugu tana jan ƙanenta. Da suka sauko suna haki, namijin ya rantse ya hango rufin gidanmu, babbar ta ce ƙarya ne, ganuwar birni dai suka gani da hasumiyar masallatai. Wata Bafulatana ta biyo da ƙwarya a ka, muka sa ta dama mana fura. Can hadari ya haɗo daga gabas, aka yi yayyafi, muka fake a ƙarƙashin wani dutse mai baki kamar rumfa, muna shan rake muna tofar da ɓawo. Mun dawo gida kafin magariba, kaya duk jar ƙasa, ƙaramar tana barci a kafaɗar babanta.

Litinin da safe, bayan na raka yara makaranta, Inna ta aiko in zo.

Na tarar da motar Yaya a ƙofar gida. Tana zaune a kan kujera, idonta ya kumbura. Na durƙusa na gaida Inna, na gaida Yaya, ba ta amsa ba. Inna ta fara da ni, kamar yadda na zata. Ta ce ban da kunya, na tozarta yayata a gaban mutane, na ci amanar abin da aka ba ni. Na sunkuyar da kai har ta gama. Yaya ta karɓa, ta ce sai da aka aika gidan abinci aka sayo shinkafa a robobi, wasu matan ma ba su jira ba, kuma takardar a hannun wata baƙuwa ta faɗa, ta karanta a fili.

Wannan ban san da shi ba. Na ji daɗinsa har cikin raina, na ƙara sunkuyar da kai don kada a ga fuskata.

Na ce, "Inna, ki ba ni izini ki ji wani abu."

Na kunna bidiyon na ajiye a gabanta. Ta ce in sake. Na sake. Na kuma nuna mata hoton kujerun baya, na gaya mata yadda jikokinta suka yini a dakali.

Inna ta ajiye carbinta. Sannan ta juya wajen Yaya.

"Wannan wata matar, ni na haife ta. A ɗakin nan, a kan gadon da na haife ki."

Yaya ta ce ai magana ce ta fito haka, ba da wata manufa ba, kuma mutanen nan ba a saba da su ba. Inna ta ce, "Na ji." Ba ta ƙara mata ko kalma ba. Ni kuma ta ce in ba yayata haƙuri, don ita ce babba. Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." Da baki na faɗa, kuma duk mu ukun mun sani. Yaya ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta ce ta haƙura ba, ba ta kuma ba ni nawa haƙurin ba.

Na tashi zan tafi, Inna ta ce in zauna.

"Kin san ina gidanta jiya?"

Na ce ban sani ba.

"Ta aiko mota tun safe aka ɗauke ni, wai in zo in sa wa taro albarka. Ban karya ba, na ce sai wainar Auta ta iso. Ina ɗaki ina jira har la'asar. Shinkafar robar nan kuwa kin san ba ta zama mini a ciki. Da ruwan shayi na kwana."

A duk lissafin da na yi, ban sa Inna a ciki ba. Nan ne kawai kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na ce ta yafe mini, wannan karon da gaske. Ta ce ta yafe, amma in zan sake irin wannan ɗanyen aiki in fara tambaya su waye za su kwana da yunwa. Washegari na soya mata waina ita kaɗai, da miyar taushe mai tantaƙwashi, na kai mata da zafinta. Ta ci biyar, ta ajiye sauran a ƙarƙashin gado ta ce ba na kowa ba ne.

Ni da Yaya mun yi wata bakwai ba ma magana. A wani gidan rasuwa muka haɗu, aka zaunar da mu tabarma ɗaya, muka gaisa don idon mutane, daga nan gaisuwar ta ɗore. Yanzu muna zumunci, 'ya'yanmu suna kwana gidajen juna, ranar da aka kwantar da mijina a asibiti ita ta fara zuwa. Amma ba ta sake cewa in yi mata girki ba, ni ma ban taɓa tayi ba. Har yau ba ta ce ta yi kuskure ba. Bidiyon yana nan, na canza waya sau biyu, kowane karo sai na sa an kwafe mini shi.